Tambayoyin da aka fi yi min kan riƙe a-kori-kura a Gombe

Shekara tara kenan ina riƙe da Hilux 'yar 2012, fara, mai ƙofa huɗu, mai shan fetur. Kafin ita kuma a bayan Fijo 504 a-kori-kura ta mahaifinmu na taso, Allah Ya jiƙan shi, irin wadda ake haɗawa a Kaduna, wadda in ta ƙi tashi da safe mu yara mu ne batir ɗinta. Noma nake yi a wajen Dadin Kowa, ina kuma ɗan taɓa sayen hatsi a kasuwannin ƙauye in kawo Tudun Hatsi. Tunda mai ya tashi kusan kullum sai wani ya tare ni a ƙofar masallaci ko a majalisa ko ya turo min saƙo a WhatsApp, kuma tambayoyin duk kusan iri ɗaya ne, na gaji da maimaitawa shine na ce bari in tara su wuri guda kowa ya ɗauki nashi.

Alhaji na ɗan samu kuɗi, in sayi Hilux ko in sayi ƙaramar mota?

Ni ma tambaya zan maka: me zaka riƙa ɗauka a bayanta? In ka tsaya kana sosa ƙeya to ka sayi Corolla ka huta. Ita wannan motar bayanta shine sana'arta, duk ranar da ta fita bayan nan ba komai to asara ta fita yi maka, don kana jan ƙarfe kusan tan biyu ne kawai don ka kai yara makaranta a Tumfure ka wuce ofis. Amma in kana da gona, ko shagon kayan gini, ko gidan kaji, ko kwangilar da ke kai ka Nafada da Balanga da Shongom inda kwalta take ƙarewa, to babu abinda zai maye maka gurbinta. Ni na zauna na yi lissafin abinda nake ba masu haya duk shekara daga ɗaukar taki zuwa kwaso amfanin gona, na ga ya kusa kuɗin man da zan sha, sannan ga jira, ka yi da direba ƙarfe bakwai ya zo maka bayan azahar hadari ya riga ya haɗu. Shi yasa na saya.

Akwai masu sayenta don a gansu a sama, wannan kam ba ruwana, kuɗinka ne. Sai dai ka sani farar Hilux a garin nan mutane gani suke ko ɗan siyasa ne ko ma'aikacin wata ƙungiya, maroƙa da masu neman taimako zasu san lambarka kafin maƙwabcinka ya sani.

Mai fetur ko mai gas?

Yawancin Hilux da ke yawo a Najeriya masu fetur ne, inji 2.7, kuma akwai dalili. Injin nan bashi da tsirfa, duk bakaniken da ka samu daga nan har Biu ya san cikin shi, kayan gyaran shi ko'ina akwai. Laifin shi ɗaya, ƙishirwa.

Mai gas, wato dizal, ta fi ƙarfin ja nesa ba kusa ba kuma lita ɗaya ta fi kai ka nisa. Amma sababbin injinan gas irin 2.5 da 3.0 da ake rubuta wa D-4D, da 2.4 da 2.8 da suka zo da sabon samfuri daga 2015, nozul ɗinsu da famfonsu basa haƙuri da gurɓataccen mai ko kaɗan. Ɗan ruwa ko kananzir a cikin gas ya isa ya kashe maka injekta, kuma kuɗin guda huɗu sai ka riƙe kai. In ka san rayuwarka ta ƙauye ce inda sai wajen 'yan bumburutu kake samun mai a galan, ka tsaya a fetur. In kuma kana da gidan mai ɗaya da ka yarda da shi kana kuma yin doguwar hanya da kaya mai nauyi, gas ta fi. Abu ɗaya kar ka manta, su 2.5 da 3.0 ɗin nan bel ne ke juya taimin ɗinsu, ana canza shi a kilomita 150,000, in ya tsinke kana tafiya injin ne ya tafi. Na fetur 2.7 sarƙa ce, ba ka da wannan fargabar.

Tsakani da Allah nawa take sha?

Tawa in ba kaya, a kan kwalta, ina tafiya a hankali, lita ɗaya tana kai ni wajen kilomita 8, wani lokacin da ɗan ɗori. A cikin gari da AC da tsaye-tsayen Sabon Layi da go-sulo na kasuwa sai ta sauko wajen 6. Tankinta lita 80 ne. Gombe zuwa Bauchi kilomita 150 ne da 'yan kai, zuwa da dawowa rabin tanki ya tafi kenan, alhali ƙanina da Corolla ɗin shi lita 25 ta ishe shi ya je ya dawo. Kafin 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai wannan bambancin ba ya damun kowa, yanzu kam shine abu na farko da ake tambaya, kuma na san mutum uku da suka jingine tasu a gida suka koma kan mashin.

Kuma don Allah a daina auna shan mai da allura ko da "na sa na dubu ashirin ya kai ni kaza". Ka cika tanki har famfo ya tsaya da kan shi, ka mayar da ƙaramin lissafin kilomita na gaban sitiyari sifiri, ka yi harkokinka, in ka dawo ka sake cikawa a famfon nan dai. Kilomitan da ka yi ka raba da litar da ta shiga. Shikenan. Na taɓa yin haka na ga wai motata ta sha abinda ya fi ƙarfin hankali, na kai ta gareji aka kwance fulogi aka wanke wannan aka canza wancan, ashe famfon gidan man ne litar shi ba ta cika, da na canza wuri sai motar ta "warke".

To ya za'a yi a rage shan?

Ƙafarka ce ta farko. A-kori-kura doguwa ce gabanta kamar bango, iska take turewa, kuma in ka ninka gudu ƙarfin iskar da ke tare ta sau huɗu yake ninkuwa ba sau biyu ba. Tsakanin mai tafiya 90 da mai taka 130 a hanyar Alkaleri bambancin mai ne na gaske, kuma da kyar ya riga ka isa da minti talatin, in ma ramuka sun bar shi.

Sai iskan taya. Akwai takarda manne a jikin ƙofar direba da ta faɗi iskan da za'a sa in ba kaya da in akwai kaya, ita zaka bi, ba mai facin da zai buga taya da ƙarfe ya ce ta yi ba. Sai manyan tayoyin nan masu ƙurajen da samari ke so, da ƙarafunan ado da ake sawa gaba da sama, duk mai suke ci. Ka sauke tarkacen da ke kwana a baya wata da watanni. Zancen buɗe murfin baya wai iska ta wuce kuwa, an gwada an ga baya rage komai, murfin kawai zaka lalata a gargada.

Masu tambayar mayar da ita CNG, wato ta koma amfani da iskar gas da ake matsewa a tukunya, ana yi wa mai fetur kuma yana sauƙin kuɗi, amma tukunyar a baya take zama ta cinye maka wurin buhu biyu ko uku, sannan kafin ka biya ka fara tabbatarwa akwai inda zaka riƙa cikawa a hanyar da kake bi kullum.

Buhu nawa zan iya ɗora mata?

Abinda kamfani ya ƙayyade bai wuce tan ɗaya ba, kilo 1,000 ko ƙasa da haka kaɗan, kuma a ciki har da kai da fasinjojinka. Wato siminti ko taki buhu 18 in kai kaɗai ne, masara ko dawa buhu 9. Na san dariya kake, don ka ga ana loda mata siminti 40 daga Ashaka ta taho gabanta na kallon sama. Eh tana tahowa. Amma je ka tsaya garejin masu ɗaurin sifirin ka ga su waye kwastomominsu. Sifirin ya karye, shokozoba ta mutu, bodi ya tsage, taya ta fashe da zafin watan Afrilu, kuma mafi muni gaba ya yi sako-sako sitiyari baya jin magana birki baya kamawa. Ƙara ganyen sifirin da ake yi yana ɗaga bayan ne kawai, bai ƙara wa birki ko aksul ko taya ƙarfi ba.

Mai nauyi a sa shi can gaba jikin kan motar, ba bakin murfi ba. A ɗaure. Kuma mutane a saman kaya ranar kasuwar Kumo, wannan kam na daina tun ranar da na ga abinda na gani a hanya, ba sai na bada labari ba.

Akwai Tacoma da Tundra 'yan Amurka masu kyau a Kwatano da Legas, ya kake gani?

Motoci ne masu daɗi, ciki kamar falo. Tacoma kusan ƙanwar Hilux ce da ake yi wa kasuwar Amurka tun 1995, ba laifi, duk da kayan ƙafarta ba ɗaya bane da na Hilux kuma wani abun sai an aiko maka daga Kano ko Legas. Tundra mai silinda takwas 5.7 kuwa ka shirya, a takarda ma kilomita 6 da ɗan wani abu take yi a lita. Su can da mil da galan suke lissafi, mil ɗaya kilomita 1.6 ne galan ɗinsu kuma lita 3.8, don haka in dillali ya ce maka tana yin 20 kar ka yi murna, wajen kilomita 8 da rabi kenan a lita.

Babban abin dubawa shine ƙasanta. A Kanada da arewacin Amurka gishiri suke watsawa a titi lokacin sanyi don ƙanƙara ta narke, gishirin nan shi ke cin shasi. Mota sai ta zo fenti na sheƙi kujeru na ƙamshi, ƙasa kuwa ya zama kamar tsohon kwanon rufi. Kar ka ji kunyar babbar rigarka, ka shimfiɗa kwali ka kwanta da tocila da sukundireba ka caccaki ƙarfen, musamman wajen da sifirin na baya ya kama. In ka ga an fesa baƙin fenti sabo fil a ƙasa kaɗai, ka tambayi kanka me ake ɓoyewa. Ka sa a duba maka lambar shasi mai harafi 17 a intanet ko ta taɓa hatsari ko ambaliya, ka kuma tabbatar da takardar kwastam kafin ka biya ba bayan an tare ka a hanya ba. Wadda aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu kuwa ko kyauta ka yi tunani.

Yaya, na samu karatu a Kanada, an ce min can in ba ka da irin wannan motar baka iya fita lokacin ƙanƙara. Gaskiya ne?

Allah Ya sa albarka ƙanina. Ba gaskiya bane, ɗan yayata yana can shekara biyar da ƙaramar mota yake yawo. Abinda mutane basu gane ba shine a-kori-kura in ba kaya ita ce ta fi kowace mota santsi, don tayoyin baya ne ke tura ta kuma babu nauyi a kansu, inji da mutane duk suna gaba. Ka taka totur kaɗan a kan ƙanƙara sai bayan ya juyo ya zo yana gaishe ka. Shi yasa masu ita can suke ajiye buhunan yashi a baya daidai saman aksul duk tsawon sanyi.

Abinda ya fi muhimmanci a can taya ce. Akwai tayar sanyi ta musamman, robarta bata daskarewa, ana sa ta da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, a lardin Kebek ma doka ce. Fo-wil, wato tayoyi huɗu su ja tare, yana taimaka maka ka tashi ne, baya taimaka maka ka tsaya, birki dai tayoyi huɗun nan ne irin na kowa, kuma motarka ta fi nauyi don haka ta fi nisan tsayawa. Ka ba na gabanka tazara mai yawa, komai a hankali, totur da birki da sitiyari. Ka yi hattara da gada don ita ke fara daskarewa, da wata siririyar ƙanƙara da bata ganuwa sai ka ɗauka kwalta ce ta jiƙe. A wurare irin Winnipeg da Edmonton sanyi na kai 30 ƙasa da sifiri, har waya ce ke leƙowa a gaban mota ana jona ta da lantarki da dare don inji ya kwana da ɗumi. Gas yana yin kauri kamar man shanu in ba na lokacin sanyi bane. Kuma kar ka kuskura ka yi halin gida ka zuba ruwan famfo a lagireto, daskarewa zai yi ya fasa injin. Ka ajiye bargo da shebur a mota, in kuma ka maƙale ka bar inji a kunne don ɗumi ka tabbata ƙanƙara bata toshe salansa ba, hayaƙin na dawowa ciki ya kashe mutum yana barci.

Mu fa namu hunturun, akwai abinda yake wa mota?

Namu ƙura ce. Daga Disamba zuwa Fabrairu iyakilina, wato matatar iskar da ke shiga inji, ita ce ke shan wahala, ina ciro tawa duk sati biyu in kakkaɓe, in ta yi baƙi in canza, don in ta toshe motar zata yi nauyi ta ƙara sha. Masu busa ta da iskan mai faci da ƙarfi suna huda takardar ne, ƙurar ta wuce kai tsaye cikin inji. Batir mai rauni ma da sanyin asuba yake tona kan shi. Mai gas kuma in ka murɗa makulli ka jira fitilar hita ta mutu kafin ka tayar.

In hazo ya sauka sosai a hanyar Dukku ko Bajoga, ƙaramar fitila zaka kunna, babbar dawo maka take a ido. Ka rage gudu don shanu da amalanke da tirelar da ta lalace aka sa mata ganye basa sanarwa.

Bakanike na ya ce a cire tamostat, wai na ƙasar sanyi ne.

Kar ka bari, shi ne ke daidaita zafin inji. Injin an yi shi ne ya yi aiki da wani zafi, in aka cire zai daɗe bai kai ba, kwamfutar motar ta yi ta ƙara mai tana zaton har yanzu safiya ce. In mota na zafi a nemi dalilin, lagireto ne ya toshe ko fanka ko famfon ruwa. Kuma a sa ruwan kulan mai kala, ruwan rijiya tsatsa yake haifarwa.

Yaushe ake sa ogzilari? Tunda na sayi motar ban taɓa taɓa ƙaramar giyar nan ba.

Irinka suna da yawa. Ogzilari ita ce giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja tare. H2 shine na kullum, baya kaɗai ke ja. H4 na hanyar burji mai santsi ne da yashi da taɓo, L4 kuma na inda ake rarrafe, hawa mai tsauri ko fita daga rami ko ƙetare rafi, shi sai ka tsaya cak kafin ka sa. Kar ka yi yawo da H4 a busasshiyar kwalta, gaba da baya a ɗaure suke tare, in ka sha kwana zaka ji motar na turjewa, ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Amma ko sau ɗaya a wata ka samu hanyar ƙasa ka sa shi na 'yan kilomita don kar ya ƙage.

A sa shi kafin a shiga, ba bayan an nutse ba. Wata shekara cikin Agusta na dawo daga gona da yamma ba komai a baya, ga wata baƙar laka da bata fi tsawon tabarma biyar ba, na raina ta na shiga da H2. Bayan ya fara wulwulawa, maimakon in ɗaga ƙafa sai na ƙara wuta, kafin in ankara ta zauna a kan cikinta tayoyin na juyawa a banza laka har kan gilas. Magariba ta same ni a nan. Wani dattijo Bafulatani ya zo wucewa ya tsaya ya jingina da sandar shi ya daɗe yana kallo, sannan ya ce Alhaji motar nan ai yunwa take ji, a ba ta kaya. Yaran shi suka kwaso duwatsu da kara muka tura ƙarƙashin taya, muka rage iska, mutum shida suka hau baya suka zauna daidai saman tayoyin, na sa L4 na ɗaga kuloci a hankali ta fito kamar ba ita ba. Na ba su kuɗi dattijon ya ƙi karɓa, sai da na dawo da goro da sukari washegari.

Ruwa mai gudu kuwa, irin wanda ke cika kwarurukan cikin Gombe bayan an yi ruwa mai ƙarfi, ka jira. Tsayin mota ba ya hana ruwa ɗaukarta, kuma in ya shiga ta hancin iyakilina injin ya gama.

Ina so in riƙa jan amalanken ƙarfe da injin casa ko tankin ruwa, zata iya?

Zata iya, da sharaɗi. Zaka ji ana cewa Hilux na jan kilo 3,500, wannan wasu sababbi ne masu gas, kuma sai in abin da ake ja yana da birkin kan shi. In bashi da birki, kamar duk amalanken da masu walda ke haɗa mana a nan, ƙa'idar kilo 750 ce. Tankin ruwa na lita 1,000 kuwa ruwan kaɗai kilo 1,000 ne ban da ƙarfen. Kuma rabin tanki ya fi cikakke haɗari, don ruwan kai da komowa yake, ka taka birki ya zo ya tura ka.

Wurin ɗaurin ya zama a jikin shasi, ba bamba ba, da sarƙa ta biyu ko da fil ya fita. Yadda aka jera kayan shine komai. Nauyi ya fi yawa a gaban tayar amalanken, yadda kamar kashi ɗaya cikin goma zai danna kan ƙugiyar. Ni na koyi wannan da tsiya. Na ɗauko injin casar masara yara suka tura shi can ƙarshen amalanke don ya fi sauƙin saukewa, ina kaiwa wajen 70 a wata 'yar gangara sai na ga abu a madubi yana leƙowa dama yana leƙowa hagu, kan kace me motar gaba ɗaya ta fara rawa sitiyari na fizge hannuna, yaron da ke gefena salati kawai yake. Allah Ya taimake ni ban taka birki da ƙarfi ba, na ɗaga ƙafa daga totur na riƙe sitiyari tsaye har ta lafa da kanta. Muka tsaya muka matsar da injin gaba da taku biyu kacal, har gida ko motsi bata sake yi ba.

Ka sa wa amalanken fitila ko aƙalla abu mai ƙyalli a baya, ka buɗe kwana sosai, in kuma motarka otomatik ce ka sani ja yana dafa man giya, a riƙa duba shi.

Motar abokina ta mutu a hanya, in ja shi da igiya?

In kusa ne kuma a hankali, eh. Amma ka gaya mishi in injin shi a kashe yake birkin zai yi tauri bayan taku biyu ko uku, sitiyari ma haka, kuma ya bar makulli a buɗe kar sitiyarin ya kulle. Igiya ta zauna a miƙe, a ɗaura mata ƙyalle don 'yan acaɓa. In motar shi otomatik ce kar ka ja ta nesa tayoyi a ƙasa, giyabos ɗin zai ƙone don famfon man shi baya aiki sai inji na juyawa, a nemo janwe ya fi arha. Kuma in fizgo wani zaka yi daga taɓo kar a rataya igiya a ƙwallon ja na baya, yana iya tsinkewa ya tashi kamar harsashi. Masu kallo su matsa nesa, wanda dai ka san basa yi.

Direbana yana sa ta a firi in mun zo gangara wai ana tsimin mai.

Ka hana shi yau. Motocin yanzu masu injekta in kana gangara cikin giya ƙafarka ba ta kan totur kusan babu man da suke sha, a firi ne ma suke sha. Sannan inji ne ke riƙe mota, in ka sake ta ka bar wa birki aikin shi kaɗai zai yi zafi ya daina kamawa. Duk wanda ya taɓa saukowa daga Tula da kaya, ko ya gangaro dutsen Mambila zuwa Mayo Selbe, ya san warin birkin da ya ƙone. Giyar da ka hau da ita da ita zaka sauko.

Ni mace ce, gidan kaji nake da shi a hanyar Bauchi, zan iya tuƙa ta?

Sosai ma Hajiya, sitiyarinta ba nauyi kuma kina sama kina ganin hanya. Ribas ne kawai sai kin saba da tsawonta, a sa miki kyamara a baya. Kiret ɗin ƙwai kuma a jera su can gaba a sa buhun dusa biyu a baya, in ba haka ba tsallen da take yi in ba nauyi zai miki wainar da baki shirya ba.

Ya kake yi da masu aro?

Wannan ita ce tambayar da babu wanda ya gaya min kafin in saya. Ranar da ka kawo a-kori-kura unguwa ta zama ta al'umma. Kayan ɗakin amarya, kujerun walima, ragon layya, tashin gida, yashin gyaran masallaci, itacen suna, duk kai ne. Kuma ba mai cewa ga kuɗin mai, sai dai Allah Ya ƙara arziki, amin, amma gidan mai basa karɓar shi.

Da farko kunya ta sa ina miƙa makulli. Wani ɗan uwa ya karɓa wai zai kai gado da katifa Pantami, sai bayan isha ya dawo min da ita allura a ƙasa, murfin baya a lanƙwashe, ƙasan bodi duk garin siminti, da na yi magana ya ce ai hanya ce ta biya da shi ya ɗan taimaka wa wani. Sati na zagayowa sifirin ɗin hagu ya karye. Daga nan na kafa doka kuma na faɗe ta a majalisa kowa ya ji don kar wani ya ga kamar shi aka nufa: bana bada makulli. In gawa ce ko mara lafiya ko aikin masallaci, ko ƙarfe biyun dare ne a buga min, ni zan tuƙa kuma man nawa ne. In biki ne ko tashin gida yarona zai tuƙa, mai hidima ya zuba mai a gaban shi kafin a ɗora ko kujera ɗaya, kuma yaron ne zai ce kaya sun isa. Gwaggona ta yi fushi da ni wata biyu a kan wannan, ta ce tun ina tsumma take goya ni yanzu na yi mota ina mata lissafi. Ita kam na cire ta daga dokar, har yau in zata kai gara ni nake zuwa da kaina in jira a ƙofar gida mata suna lodi suna sauke wa suna sake lodi.